Sabara da Kalmar Magani

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Yamai, ta ratsa Baleyara, ta nufi Filinge, ya ga sabara ko da bai san ya gan ta ba. Tana nan dama da hagu, tsayinta bai cika wuce na mutum ba, ganyenta toka-toka kamar an barbaɗa masa ƙurar hunturu. Ba ta da inuwar da matafiyi zai sauke kaya a ƙarƙashinta, ba ta da ɗan da yaro zai jefo ya ci. Gawo yana da kwarjini a cikin Dallol Boso, goruba tana ba da kaba, aduwa tana ba da ƴaƴa da mai. Sabara kuwa ido yakan wuce ta kanta yadda yake wuce yashi. A jigawar Tondikandiya, ƙasar da Damana ke zaman babban garinta, da ta Kurfai da ke arewa da ita, yawanta ne ya sa ta yi arha. Abin da mutum ya buɗe ido ya tarar a bayan ɗakinsa, da wuya ya tsaya tambayar darajarsa.

Zabarmawan Tondikandiya da Kurfayawan Filinge suna cin kasuwa ɗaya, suna auren juna, amma kowa da bakinsa. Abin da Bahaushe ya kira dutse, Bazabarme ya ce tondi, kuma shi ne rabin farko na sunan ƙasar. Ruwa a wajensa hari ne, gero kuma hayni. Sai da aka zo kan wannan ƴar itaciya baki ya zo ɗaya: sabara. Na daɗe ina jin daɗin wannan. Sunan da ya ƙetare iyakar harshe bai sake riga ba, alama ce ta an daɗe ana miƙa abin daga hannu zuwa hannu, maƙwabciya na leƙo maƙwabciya ta kan darni tana cewa, tafasa wannan ki ba yaron.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, mutuniyar Kurfai ce da aure ya kai wani ƙauye na Tondikandiya, kuma a ɗakinta na ci rani da yawa ina ƙarami. Tana da wata ƴar baƙar tukunya da ba a dafa abinci a cikinta. In tari ya kama ni da sanyin hunturu, takan fita da sassafe tun ba a saki awaki ba, ta tsinko ƙananan ganyen sabara na kan reshe, ta tafasa har ruwan ya yi duhu, ta bari ya huce, ta zuba a ƴar ƙwarya. Ɗaci ne da bauri a haɗe, irin wanda ke ɗaure harshe. Sai ta riƙe mini ƙeya ta ce, "Sha, maigida." In na tambaye ta ko zan warke, amsarta ba ta taɓa sauyawa ba. Takan ce, "Magani ne. Ma gani."

Sai da na girma na lura kamar abu ɗaya take faɗi sau biyu. Masu nazarin harshe za su ce "ma gani", wato za mu gani, ba shi ne asalin kalmar magani ba, karin sautinsu ma ya bambanta, kuma ba ni da ja a kan haka. Amma tsohuwar ba nahawu take koyarwa ba. Sharaɗi take gindayawa. Ta ba ni abin da uwarta ta ba ta, abin da ta ga ya yi aiki sau da dama, sannan ba ta rantse cewa zai yi a wannan karon ba. Gari na wayewa za ta kara kunne a ƙirjina ta saurara. Masu ba da magani na da suna da kalmar da ba ta barin bakinsu: dace. "Allah ya sa a dace." "In an dace, kwana uku ka miƙe." Dacewa haɗuwar abu biyu ce da suka yi daidai da juna, kamar tukunya da murfinta. Ganye yana iya zama nagari, cutar ta zama ba tasa ba ce. Wanda ya ce "in an dace" ya yarda akwai rashin dace, kuma ya ɗaukar wa kansa nauyin dawowa ya duba.

Abin da ake yi da sabara a wannan ƙasa yana da yawa, kuma kusan shi ne ake yi da ita tun daga Senegal har Sudan. Ruwan dafaffen ganye na tari ne da mura da nauyin ƙirji. In zazzaɓi ne, a lulluɓa da zane a kan tukunya a yi surace, a yi wanka da ragowar ruwan. Busasshen ganye a daka a tankaɗe, a zuba a kunu ko fura saboda zawo da atini da murɗar ciki, ko a barbaɗa a kan gyambo. Mai jego tana wanka da ita, tana sha. Makiyayi yana tura hayaƙinta a garke. Har ƙulle-ƙullen nan da ƙwaro ke haddasawa a rassanta, da kaucin da ke hawa kanta, duk suna da masu nemansu.

Baurin da ke ɗaure harshe shi ne sirrin wani sashe na aikinta. Wanda ya taɓa shiga majema ya ga yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa: fatar da ta yi laushi tana neman ruɓewa sai ta tsuke ta yi ƙwari. Sinadarin da ke yin wannan, wanda masana ke kira tanin, yana da yawa a ganyen sabara. Abin da yake yi wa fata a majema, kusan shi yake yi wa bakin gyambo da cikin hanji, ya tsuke su ya rage zubar ruwa. Tsofaffinmu ba su san sunan tanin ba, amma sun ce sabara tana ɗaure ciki, kuma da wuya a samu bayanin da ya fi wannan dacewa. Masu bincike a Faransa sun ciro wasu sinadarai daga jikinta, ciki har da wanda ake kira harman, suka gwada su a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin kwalaben gwaji, suka ga suna karya mata ƙarfi. A cikin kwalba, na ce, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

Harsunan da ke kewaye da mu ba su ɓoye inda magani ya fito ba. Bafillace yana kiran itace lekki, yana kiran magani lekki. Kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu. A Bambarancin Mali, fura tana nufin ganye, tana kuma nufin magani. Mu ma in muka ce wane ya san itatuwa, ba masassaƙi muke nufi ba. Sai dai Hausa ta yi wani abu dabam da tata kalmar: ta kwance ta, ta bar ta ta fita daga jikin mutum. Muna da maganin sauro da maganin ɓera, muna da maganin ɓarawo. Haƙuri maganin zaman duniya. Maganin kar a ji, kar a yi. In yaro ya gagari kowa, sai a ce ai kawunsa ne maganinsa. Duk abin da ya tare wata ɓarna, ko ya mayar da abu yadda ya kamata ya zauna, Hausa ta yarda ta kira shi magani. Haka ma lafiya, wadda muka aro daga Larabci. Muna tambayar lafiyar jiki, da ta gida, da ta bisashe, da ta gari, har mu roƙi Allah ya sa damina ta sauka lafiya. Kalmomin nan biyu tare suke tafiya, kuma faɗinsu ɗaya.

Sunan da sabara ke amsawa a littattafan kimiyya ma daga bakin mutanen wannan yanki aka ɗauko shi. Wani Bafaranshe mai nazarin tsirrai, Michel Adanson, ya sauka Senegal a 1749, ya yi sama da shekara huɗu yana yawo yana koyon Wolof, ya ji suna kiranta nger. Daga nan aka ƙero Guiera, kuma a 1791 wani Bajamushe mai suna Gmelin ya cika sunan: Guiera senegalensis. A 1916 likita J. M. Dalziel ya buga ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa, da sabara a ciki. A 1980 wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Édouard Adjanohoun, ɗan ƙasar Benin, ta fitar da kundin itatuwan maganin Nijar. Duka sun yi aiki mai amfani. Amma abin da ya fi saurin shiga takarda shi ne suna da jerin cututtuka: tari, zawo, zazzaɓi. Abin da takarda ke yawan bari a baya shi ne wane ganye, na wane lokaci, kwana nawa za a jira, da wace alama ce in an gan ta za a ajiye ƙwarya a nemi amalanke. Takarda takan kwashi "magani" ta bar "ma gani" a ɗakin tsohuwa.

Ƙasar Kurfai ta san abin da suna ke iya yi wa magana. A 1925, a wajen Shikal, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Nasara, suka juya wa sarautar da Faransawa suka ɗaure wa gindi baya. Aka kama su, aka kai Yamai, aka kulle. Sunan da ya manne musu, ya bi su har birnin Akara na ƙasar Gana, shi ne Hauka. Sai bayan shekaru da dama masana tarihi suka koma suna tambayar abin da ya tayar da mutanen, suna ambaton haraji da aikin tilas da sarkin da aka ɗora musu. Ga mai mulki na wancan lokaci kuwa, da zarar an ce hauka ne, tambaya ta ƙare.

Akwai maganganu biyu da ke yi wa sabara irin wannan rufe baki a yau. Ta farko ita ce camfi. Na sha jin ta a bakin waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, ni ma na taɓa faɗinta lokacin da na fara ganin littafi ya fi kakata sani, kuma na yi nadamar haka. In aka ce camfi ne, an haɗa tukunyar tari da layar da aka binne a mararraba an zuba a bola ɗaya, babu mai sake tambayar me ke cikin ganyen.

Ta biyun ta fi haɗari, domin ita zaƙi gare ta: sha yanzu, magani yanzu. Je ka kasuwar mako, ka tsaya kusa da motar da aka ɗaura wa lasifika. Kwalba ɗaya ce, amma saurari abin da aka ɗora mata: basir, sanyi, shawara, hawan jini, ciwon sukari, rashin haihuwa, har da abin da ba a faɗi gaban yara. Wataƙila da sabara a cikin kwalbar, wataƙila babu. Ba a rubuta ba. Ba za ka taɓa jin "in an dace" daga wannan lasifika ba. Kakata tana iya cewa "ma gani" domin gobe tana nan, jibi tana nan, in yaron ya mutu da ita za a yi zaman makoki, kuma idon uwar zai haɗu da nata a bakin rijiya har ƙarshen rayuwa. Mai lasifika gobe yana wata kasuwa. Ba zai gani ba, kuma ya tsara sana'arsa ne yadda ba zai gani ba.

Dubi kalmar shawara kawai. Suna ɗaya ne muka ba duk ciwon da ke sa ido ya yi ruwan ɗorawa, alhali a ƙarƙashinsa akwai ciwon hanta mai ƙwayar cuta, akwai zazzaɓin cizon sauro da ya farfasa jini, akwai amosanin jini, akwai na jariri sabon haihuwa. Kowanne da hanyarsa. Haka zazzaɓi: na sauro daban, na taifot daban, kuma zafin jikin da ke zuwa da sanƙarewar wuya a watannin zafi sanƙarau ne, wanda Nijar ta sha ɗanɗana ɗacinsa, ba ya jiran tukunya ta tafasa. Tarin hunturu da tarin fuka duka tari ne a baki. Ta yaya za a dace in ba a san da wa ake neman dacewa ba? Ban san wanda ya fara kiran wancan ciwo shawara ba, amma kullum na ji sunan sai na ji kamar harshen ne da kansa yake cewa, kada ka yanke wannan kai kaɗai.

Wata damina, jaririn maƙwabciyarmu da bai kai yaye ba ya kamu da zawo. Uwar ta zo wajen kakata da yamma, ta ba ta ɗan ruwan sabara, ta ce kada ta daina ba shi nono. Washegari da hantsi tsohuwar ta tafi da ƙafarta. Ta karɓi yaron, ta kalli idonsa da ya faɗa, ta shafa maɗigarsa ta ji ta lotsa, ta ɗan ja fatar cikinsa ta ga ta tsaya ba ta koma ba. Ta tambaya ko ya yi fitsari tun dare, aka ce a'a. Sai ta juya wajen uban ta ce, "Malam, ɗaura amalanke yanzu. Sabara ta yi iyakarta. Wannan na likita ne." A Nijar, in an ce likita, wurin ake nufi, abin da ƴan uwanmu na Kano ke kira asibiti. Sun isa bayan azahar, aka yi masa ƙarin ruwa, ya rayu. Yau magidanci ne.

Tsohuwar ba ta ji kunyar cewa ganyenta ya kasa ba, domin tun farko ba ta yi alkawarin da ya wuce ƙarfinsa ba. Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Sabara tana iya rage gudun cikin, amma ba ta mayar da abin da ya zube. Wannan aikin ruwan gishiri da sukari ne da nonon uwa, in ya yi tsanani kuma sai ƙarin ruwa ta jijiya. A shekarun nan da rashin tsaro ya addabi jihar Tilaberi, har aka hana zirga-zirgar babura a sassa da dama, likita ta ƙara nisa ga mutanen ƙauye, iyalai da yawa sun koma ga baƙar tukunya don ba su da zaɓi. Wannan ne ya sa sanin iyakar ganye ya fi kowane lokaci tsada, kuma masu wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Maganar maciji ma haka take. A shekarar 2000 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka buga sakamakon wani gwaji. Sun gauraya ruwan ganyen sabara da dafin kububuwa da na gamsheƙa, sannan suka yi wa ɓeraye allurar gaurayen, sai suka ga dafin ya rage kisa. Labari ne mai daɗi, kuma ya nuna tsofaffin da suka ambaci sabara a wannan babi ba da ka suka yi magana ba. Amma a lura, an haɗa ganyen da dafin ne tun kafin su shiga jiki. Manomin da kububuwa ta sara a bakin kunya, dafin ya riga ya bi jini, kuma abin da aka tabbatar yana tare shi ita ce allurar kashe dafi. Duk wanda ya ɗauki wancan gwaji ya ce wa wanda aka sara ya zauna gida ya sha sabara, ya ci amanar binciken, ya ci amanar mara lafiya.

In aka bi "ma gani" har ƙarshensa, ga inda yake kaiwa. A ƙasar Sin, wata mai bincike, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu har ta tsaya a kan wani tsiro dangin tazargade. A 1972 ita da abokan aikinta suka ware sinadarin da ke cikinsa, aka gwada a dabba, aka gwada a mutum, aka auna yawan da ya kamata a sha. Daga nan aka samo ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ƴaƴanmu yau, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Nan kusa da mu, a Bamako, sashen maganin gargajiya na ƙasar Mali ya daɗe yana sarrafa ganyen geza, ƴar uwar sabara da suke zama tare a kan tudun duwatsu, yana ƙunsa shi da awo da bayani. Ba su ce camfi ne ba, ba su kuma ɗaura lasifika ba. Abin da kakata ke yi da yaro ɗaya da kwana ɗaya, shi suka yi da mutane da yawa da alƙalami a hannu. A ganina kimiyya ba kishiyar tsohuwar ba ce, jikarta ce da ta samu kayan aiki.

Akwai wani majinyaci da sabara ke jinya wanda ba mu cika sa shi a lissafi ba, wato ita gonar kanta. Da bazara, kafin ruwan farko, manomi yakan shiga gona da gatari ya yi sassabe. Sabara ce ta fi shan sara. A datse ta a gindi, a tara, a cinna wuta, domin a idon mai gona ita ce dattin da ke hana gona kyan gani. Hannun da ya tsinko ta da girmamawa da hunturu, shi ne ke ƙone ta da bazara. A ɗaki sunanta magani, a gona sunanta daji.

Amma tsofaffin manoma sun san wani abu, ko da ba su cika faɗi ba. A gindin sabara iska takan sauke yashin da ta ɗebo, ganye ya zuba, awaki su tsaya su bar kashi, har wurin ya yi ɗan tudu. Geron da ya faɗa kusa da kututturen ya fi na nesa duhun ganye. Binciken da aka yi a gonakin gero na yammacin Nijar ya tabbatar da haka. Sannan a 2018 wasu masana na Amurka da Senegal suka buga abin da suka gani a wata gonar gwaji kusa da garin Ces na Senegal. Saiwar sabara tana nutsewa ƙasa nesa da inda ta gero ke kaiwa. Da dare, in ganye ya daina fitar da ruwa, saiwar tana ci gaba da jawo laima daga can ƙasa, wani sashe ya tsiyaye a busasshiyar ƙasar sama. Suka sa wa ruwa alama, suka ba saiwar sabara ta ƙasa, ba da jimawa ba suka tarar da alamar a jikin geron da ke gefenta. Wato a tsakiyar fari, lokacin da manomi ke kwance yana duban sama, itaciyar da ya sare tana shayar da hatsinsa. A ƙasar da ruwan shekara da wuya ya kai milimita 500, in wannan bai cancanci sunan magani ba, ban san abin da ya cancanta ba.

Ɗan Tondikandiya da duniya ta fi sani, Janar Seyni Kunce, an haife shi a Fandu a 1931, shekarar da fara da yunwa suka yi wa yammacin Nijar ɓarna, ya kuma karɓi mulki a watan Afrilu na 1974 a bayan wani babban fari. A zamaninsa ne, daga 1975, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa, kuma a 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Hankali a lokacin ya fi karkata ga dashe: a reni iri a leda, a kai gona, a yi ta ban ruwa, da yawa kuma su mutu kafin damina ta zagayo. A daidai waɗannan shekaru, a ƙasar Maraɗin, wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Abin da suke bukata shi ne a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoma suka karɓa, suka raɗa masa suna da Hausa: sassaben zamani. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai kimanin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma sabara da kalgo da gawo suna cikin itatuwan da suka dawo.

Sunan nan yana burge ni, domin bai jefar da tsohuwar kalma ba. Sassabe ne har yanzu, da gatari ɗaya, da bazara ɗaya. Abin da ya sauya shi ne mai gatarin yana tsayawa ya duba kafin ya sara, ya kuma dawo baɗi ya ga abin da ya bari ya zama. Manoman farko ba su yarda don an yi musu wa'azi ba. Wani ya gwada a gefen gonarsa, maƙwabta suka zuba ido shekara biyu, uku, suka ga itacen girki da abincin dabba da damman gero, sannan suka bi.

Ina da roƙo biyu. Ga ƴaƴanmu da ke karatun likitanci da haɗa magunguna a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da sauran jami'o'in ƙasar Hausa: in kun je gida hutu, ku zauna da tsofaffin matan da suka rage a Damana da Fandu da Shikal da Filinge. Kada ku tsaya ga tambayar "maganin mene ne wannan?" Ku tambaye su wane ganye suke tsinka, nawa suke ba yaro, kwana nawa suke jira, da abin da in suka gani suke cewa a ɗaura amalanke. Ku rubuta da kalmominsu, sannan ku kai ɗakin gwaji.

Ga mai gona kuma, kai da za ka ɗauki gatari bana kafin ruwa ya sauka: in ka iso gindin sabara, zaɓi reshe biyu ko uku ka bar mata. Waɗanda ka sare, kada ka cinna musu wuta. Sassara su ka baza a kan ƙasar. Da kaka ka zo ka gwada zangarniyar geron da ke gindinta da ta tsakiyar fili.